Dala 2.13 a Awa: Tukwici da Haƙƙin Ma'aikacin Otal a Amurka

Dokar tarayyar Amurka ta yarda mai otal, ko mai gidan abinci, ko mai gidan caca, ya biya ma'aikacinsa dala 2 da santi 13 a awa, muddin ma'aikacin yana cikin waɗanda baƙi suka saba miƙa wa tukwici. Tun 1991 adadin ke nan, bai motsa ba. Yaron da aka haifa a wannan shekarar yanzu magidanci ne, farashin kaya a ƙasar ya ninka fiye da sau biyu, shugabanni sun hau sun sauka, amma dala 2.13 tana nan inda aka bar ta. Wanda ya yi awa 40 a mako a kan wannan kuɗi, abin da zai fito daga aljihun mai kamfani dala 85 ne da 'yan santi. Sauran kuwa, sai abin da baƙi suka ga dama.

Ga yadda lissafin yake. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, shi ma rabon da a taɓa shi tun Yulin 2009. Doka ta ce duk ma'aikacin da ya saba samun tukwicin da ya haura dala 30 a wata, mai kamfani na iya lissafa har dala 5.12 a kowace awa daga cikin tukwicin a matsayin wani ɓangare na albashin da ya wajaba a kansa. Baƙo ya ciro dala biyar ya ajiye a faranti da niyyar kyautata wa yarinyar da ta kawo masa abinci, amma a littafin kamfani wannan dala biyar ta sauke wa mai otal nauyin da ke wuyansa ne. Shi baƙo yana ganin kyauta ya yi, alhali bashin wani ya biya. A nan rashin adalcin yake kwance. Duk gardamar da matafiya ke yi kan nawa ya kamata a ba mai ɗaukar kaya, nawa za a bar wa mai gyaran ɗaki, tana kewaya wannan wuri ne ba tare da ta taka shi ba.

Masu kare tsarin za su ce ai doka ta tanadi kariya: in tukwicin mako bai kai ma'aikaci ga dala 7.25 a awa ba, wajibi ne mai kamfani ya cike giɓin. Haka ne a takarda. Amma wa zai yi lissafin, wa kuma zai tunkari manaja? Matar da ke jiran a saka sunanta a jadawalin daren Juma'a, daren da ake samu, ba za ta je ofis tana cewa an danne mata dala goma sha biyu a makon jiya ba, don ta san mako mai zuwa za ta iya tsintar kanta a safiyar Talata, lokacin da ko ƙuda ba ya shigowa. Binciken da ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta gudanar a gidajen abinci kusan 9,000 tsakanin 2010 da 2012 ya samu fiye da kashi 80 cikin ɗari da karya wata doka ta biyan ma'aikata. Dokar da kiyaye ta ya rataya a kan ƙarfin halin mafi rauni a wurin aiki, kariyarta kaɗan ce.

Wannan al'ada tana da asali, kuma asalin ba mai daɗin ji ba ne. Bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, miliyoyin baƙaƙen fata suka fita daga bauta ba gona ba jari. George Pullman, mai kamfanin taragan kwana na jirgin ƙasa, ya ɗebi dubbai daga cikinsu a matsayin masu hidimar fasinja, ya yanka musu albashi ɗan ƙanƙani, ya bar sauran ga hannun matafiya. Fasinjoji ba su ma damu da sanin sunayensu ba, kowanne "George" ake kiransa, da sunan mai kamfani, kamar yadda aka saba kiran bawa da sunan ubangijinsa. A 1925 suka kafa ƙungiya ƙarƙashin A. Philip Randolph, kuma sai da suka shekara goma sha biyu suna fafatawa kafin kamfanin ya sa hannu a yarjejeniya da su a 1937. Su kansu Amurkawan wancan zamani da yawa sun ƙyamaci tukwici, suna ganin ya mayar da ɗan ƙasa mai 'yanci bara. Jihohi shida, jihar Washington a gaba a 1909, sun kafa dokar haramta shi, amma kafin ƙarshen 1926 duk an soke dokokin.

Da aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi a 1938, ma'aikatan otal da gidajen abinci an bar su a waje. Sai a 1966 aka shigo da su, bisa sharaɗin cewa mai kamfani na iya cike rabin albashin da tukwici. A 1991 mafi ƙarancin albashi ya kai dala 4.25, rabinsa ya zama dala 2.13. A 1996 majalisa ta ƙara wa kowa, amma bisa matsin ƙungiyar masu gidajen abinci ta ƙasa sai aka tsinke igiyar da ta ɗaure na masu tukwici da na sauran ma'aikata, aka daskarar da shi. Ba mantuwa aka yi ba, da gangan aka yi, kuma waɗanda suka amfana sun san kansu.

Na zaɓi in duba wannan magana ta birnin Las Vegas na jihar Nevada, kuma na san mai karatu zai iya tambaya me ya haɗa mu da garin caca. Caca haramun ce a wurinmu, ta rusa gidaje da yawa, ba kuma ni da kalma ko ɗaya ta kare ta. Sai dai garin yana da ɗakunan otal kusan 150,000, baƙi sama da miliyan 40 suka shige shi a 2024, kuma mafi yawan masu aiki a waɗannan manyan gine-gine ba su taɓa riƙe karta ba. Masu dafa abinci ne, da masu wanki da guga, da masu wanke tukwane, da matan da ke durƙusawa suna goge bahon wanka. Munin sana'ar mai gida ba ya halatta a ci gumin mai wanke masa banɗaki. Ga kuma wani dalili: babu garin da rayuwarsa ta ɗoru a kan tukwici kamar Las Vegas, kuma shi ne garin da ya fi nuna cewa ana iya raba tukwici da albashi ba tare da kasuwa ta mutu ba.

Nevada tana cikin jihohi bakwai da ba su yarda a lissafa tukwici cikin albashi ba. Sauran su ne Alaska, California, Minnesota, Montana, Oregon da Washington. Tun ranar 1 ga Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a jihar dala 12 ne a awa, ko kana samun tukwici ko ba ka samu. Mai kawo abin sha a gidan caca na Biloxi a jihar Mississippi, inda babu dokar albashi ta jiha, doka ta yarda a fara lissafinta daga dala 2.13, takwararta a Las Vegas ba za a fara da ƙasa da dala 12 ba, kuma tukwicinta ƙari ne a kai. Aiki iri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya, wani lokaci ma kamfani ɗaya ke da gidajen biyu. An daɗe ana tsorata mutane cewa in aka tilasta cikakken albashi, otal-otal za su rufe, baƙi kuma za su daina bayarwa. Gidajen cacar Nevada sun ci dala biliyan 15.6 daga hannun 'yan caca a 2024, abin da ba su taɓa samu ba kafin wannan shekarar, kuma ba wanda ya daina ba da tukwici a Las Vegas.

Amma dala 12 ba ita ce ta mayar da gyaran ɗaki aikin riƙe iyali a garin ba. Ƙungiyar ƙwadago ce ta yi wannan. Ƙungiyar Culinary, reshe na 226, an kafa ta a 1935, yanzu tana da mambobi kusan 60,000, mafi yawansu mata, da yawansu 'yan ci-rani daga ƙasashe sama da 170. A 1990 suka zaɓi Hattie Canty shugaba, baƙar fata 'yar asalin Alabama, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta riƙe su da aikin gyaran ɗaki. A zamaninta ne ma'aikatan otal ɗin Frontier kimanin 550 suka shiga yajin aiki a Satumbar 1991, ba su koma ba sai Fabrairun 1998, bayan an sayar da otal ɗin ga wanda ya yarda ya zauna da su. Shekara shida da wata huɗu suna zirga-zirga a bakin ƙofa, a zafin hamada da sanyinta, babu ɗaya da ya saɓa ya koma ciki. Masu otal na garin ba su manta da wannan ba. Shi ya sa a Nuwamban 2023, da ƙungiyar ta sa ranar 10 ga wata a matsayin ranar fara yajin aiki, kwanaki kaɗan kafin gasar tseren motoci ta Formula 1 da garin ya kashe maƙudan kuɗi a kanta, kamfanonin Caesars da MGM da Wynn suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya kafin wa'adin ya cika. Ƙarin kashi 32 cikin ɗari aka samu a tsawon shekara biyar, kashi 10 tun a shekarar farko, ga inshorar lafiya ta iyali da fansho da suka riga suka mallaka. Babu wani baƙo mai buɗaɗɗen hannu da zai iya ba mutum fansho.

A dubi aikin mai gyaran ɗaki da kyau, domin a kanta ne ƙaryar tsarin tukwici ta fi fitowa fili. Da safe za ta karɓi takardar ɗakunanta, goma sha wani abu, ta loda amalanken zannuwa da tawul da sabulai mai nauyin gaske, ta tura shi a kan kafet mai riƙe taya. A kowane ɗaki sai ta ɗaga kusurwar katifa mai kauri sau da yawa don ta cusa zanin gado, ta sunkuya cikin baho, ta goge madubi, ta kwashe abin da mutanen da suka kwana suna shagali suka bari, wanda wani ba ya faɗuwa. Minti talatin ko ƙasa da haka take da shi kafin ta wuce na gaba. Ciwon baya da kafaɗa da gwiwa abokan aikinta ne. Tana shiga ɗaki ita kaɗai, ƙofa a bayanta, ba ta san wa za ta tarar ba. Har sai da ƙungiyar ta sa aka rubuta a yarjejeniyar 2018 cewa a ba su ɗan maɓallin neman agaji da za su danna in wani ya yi musu rashin kunya. Duk da haka ita ce wadda aka fi mantawa da ita a wajen tukwici, saboda dalili ɗaya tak: baƙo ba ya ganinta. Mai buɗe ƙofar mota yana samun dala biyu a cikin daƙiƙa goma domin ido ya haɗu da ido, kunya ta yi aikinta. Ita kuwa ta gama aikinta ne a lokacin da baƙo ba ya nan, kuma alamar ta iya aiki ita ce kada ka ga alamar ta shigo.

A 2014 kamfanin Marriott ya fara ajiye ambulan a ɗakuna kimanin 160,000 domin tuna wa baƙi su bar wani abu ga mai gyaran ɗaki. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyar wasu da suka shirya abin ba. Amma kamfanin da ke cikin mafi girman kamfanonin otal a duniya, wanda ya san farashin kowane tawul da kowane ƙwan lantarki, ya san sarai nawa ne ya ishi ma'aikaciya ta rayu. In ya ga abin da yake ba ta bai isa ba, maganin yana ofishin biyan albashi. Mutane da yawa sun faɗi haka a lokacin, kuma gaskiyarsu ce. Bayan annobar korona sai ga wata dabara: otal-otal da yawa suka daina gyara ɗaki kullum sai baƙo ya nema. Kuɗin ɗaki bai ragu ba, awannin ma'aikata ne suka ragu, ɗakin da ya kwana uku ba a taɓa ba kuma ya fi wuyar gyarawa. Majalisar Nevada ta wajabta gyaran kullum a 2020, ta soke wajabcin a 2023, sai ƙungiyar ta koma ta nemo shi a teburin yarjejeniya.

Labarin mai rabon karta daban ne, kuma yana nuna ɗaya fuskar matsalar. Albashinsa na asali yawanci bai yi nisa da mafi ƙaranci ba. Abin da ke riƙe gidansa tukwici ne. In ɗan caca ya tura masa kwabon roba, sai ya ƙwanƙwasa shi a gefen teburi don mai sa ido da kyamarar da ke sama su shaida, ya jefa a akwati, sannan in zai tashi ya tafa hannu ya buɗe tafukansa sama da ƙasa a ga ba ya ɗauke da komai. A mafi yawan gidaje ana tara na kowa ne a raba bisa awannin da mutum ya yi. Wani ɗan cacar ma ba ya miƙa kuɗin kai tsaye, sai ya saka wa mai rabon a caca: in an ci ya samu ninki, in an faɗi ya tashi a tutar babu. Mutane kuma sun fi bayarwa in suna ci. Ke nan kuɗin hayar gidan wannan bawan Allah da kuɗin makarantar 'ya'yansa su ma an saka su a caca, ba da zaɓinsa ba. Wanda ya samu gurbi a manyan gidajen da attajirai ke zuwa yana iya fin malamin jami'a samu. Wanda ke ƙaramin gida a bayan gari, da gwaninta iri ɗaya, yana fama. Dukansu kuma suna tsaye awa takwas cikin hayaƙin taba, domin dokar hana shan taba a cikin gine-gine da Nevada ta kafa a 2006 ta tsame zauren caca, kamar yadda ta New Jersey ta tsame na Atlantic City. Mai rabon karta ba shi da ikon kawar da fuska in an busa masa hayaƙi, ballantana ya yi magana ga wanda abincinsa ke hannunsa.

Inda kuɗi ya taru a akwati kuwa, idon mai gida na kai. A 2006 Steve Wynn ya lura cewa masu rabon karta a otal ɗinsa sun fi masu sa musu ido samun kuɗi, har ba wanda ke son a ƙara masa girma. Maimakon ya ƙara wa masu sa idon albashi daga aljihun kamfani har su wuce, sai ya ba da umarnin a riƙa yankar musu kaso daga akwatin tukwicin. Ma'aikatan suka kai ƙara, suka kuma shiga ƙungiyar ƙwadago a 2007. A 2013 kotun ƙolin Nevada ta ba kamfanin gaskiya. Sai a 2018, shekarar da majalisar tarayya ta gyara doka ta haramta wa masu kamfani da manajoji taɓa tukwicin ma'aikata, sabon shugabancin kamfanin ya janye tsarin, daga baya aka sasanta ƙarar a kan dala miliyan 5.6. Shekara goma sha biyu ana cire wa mutane abin da aka ba su hannu da hannu domin a biya albashin shugabanninsu.

Hujjar da aka fi kawowa don kare tukwici ita ce yana sa ma'aikaci ya dage, wanda ya kyautata ya samu, wanda ya yi sakaci ya rasa. Farfesa Michael Lynn na jami'ar Cornell ya shafe shekaru yana nazarin wannan, kuma abin da ya samu shi ne alaƙar ingancin hidima da yawan tukwici mai rauni ce ƙwarai. Girman kuɗin da aka kashe da al'adar mai bayarwa sun fi tasiri. Ya kuma samu cewa baƙaƙen fata masu hidima suna samun ƙasa da farare ko da an yaba aikinsu daidai. In mai kamfani ya biya baƙar fata ƙasa da farar fata a kan aiki ɗaya, kotu za ta kama shi. In ya miƙa biyan ga dubban baƙi, kowanne da son zuciyarsa, sakamakon ɗaya ne amma babu wanda za a kama. Ga kuma abin da mata ke haɗiyewa. Wadda kashi mafi girma na samunta ke fitowa daga hannun namijin da ke zaune a gabanta, ya sha ya yi tatul, sai ta auna kowace magana marar daɗi da kowane miƙa hannu da kuɗin cefanen gobe kafin ta yanke shawarar yin tsawa ko yin murmushi. Wadda ke da cikakken albashi da ƙungiya a bayanta, wannan awon ya fi mata sauƙi.

Wajibi ne in faɗi abin da ke gefe guda, domin yana da nauyi. Ma'aikata da yawa masu samun tukwici ba sa son a taɓa tsarin. A jihar Maine masu zaɓe sun amince a 2016 a kawar da ƙaramin albashin masu tukwici, sai ga su kansu masu hidima a gidajen abinci sun cika majalisar jiha suna neman a dawo da shi, aka kuma dawo da shi a 2017. A Massachusetts a Nuwamban 2024 masu zaɓe sun yi watsi da irin wannan ƙuduri da babban rinjaye. Danny Meyer, mai manyan gidajen abinci a New York, ya soke tukwici gaba ɗaya a 2015 ya mayar da shi cikin farashi; ƙwararrun ma'aikatansa da yawa suka bar shi, a 2020 ya koma tsohon tsari. Waɗannan mutane sun san aljihunsu fiye da kowane marubuci, kuma tsoronsu na gaske ne: wanda ke tashi da dala ɗari uku a daren Asabar ba zai so a musanya masa da dala 15 a awa ba.

Sai dai abu biyu ake cakuɗawa. Soke tukwici daban, hana mai kamfani lissafa shi a matsayin albashi daban. Meyer na farko ya gwada. Abin da Nevada da California ke yi na biyun ne, kuma mai hidima a can yana tashi da albashinsa da tukwicinsa duka. Sannan muryar da ake ji a majalisa ta mai aiki a babban gidan abinci na tsakiyar birni ce. Matar da ke raba shayi da ƙwai da asuba a ƙaramin gidan abinci na bakin hanya a Louisiana ba ta da sukunin zuwa majalisa, kuma irinta sun fi yawa. Doka don mai rauni ake yin ta. Mai ƙarfi ko babu doka zai samu.

A Yunin 2024, a wani gangami a Las Vegas, Donald Trump ya yi alkawarin cire haraji daga tukwici. A Agusta Kamala Harris ta zo garin ta yi irin alkawarin. Nevada jiha ce da 'yan ƙuri'u kaɗan ke iya juyawa, kowa kuma ya san inda ƙuri'un suke. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ba ma'aikaci damar cire tukwici har dala 25,000 daga kuɗin da ake lissafa masa harajin shiga na tarayya, daga 2025 zuwa 2028. Harajin fansho da na lafiyar tsofaffi yana nan. Mai rabon karta a babban gida zai ji sauƙi sosai, kuma ba na yi masa baƙin ciki. Amma masu bincike a jami'ar Yale sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu samun tukwici, samunsu bai ma kai a karɓi harajin shiga daga gare su ba tun farko. Mai wanke tukwane a bayan kicin, da mai gyaran ɗakin da ba a bar mata komai, ba su ga ko sisi ba. Dokar ba ta ɗora wa mai kamfani ko santi ɗaya ba, ba ta taɓa dala 2.13 ba, ta ma ƙara masa dalilin tura ma'aikata da yawa zuwa dogaro da hannun baƙo. Ɗan majalisa Steven Horsford na Nevada ya gabatar da ƙudurin da ya haɗa cire harajin da soke ƙaramin albashin, ƙungiyar Culinary ta goyi baya. Rabin da ba ya cin kuɗin masu kamfani ne kawai ya zama doka.

Ba dole ne abin ya kasance haka ba. A Birtaniya tun Oktoban 2009 an haramta lissafa tukwici cikin mafi ƙarancin albashi, kuma daga 1 ga Oktoban 2024 doka ta wajabta a miƙa wa ma'aikata dukkan tukwici da kuɗin hidima ba tare da an zaftare komai ba, a kuma rubuta tsarin rabon inda za su gani. A Japan ba a saba ba da tukwici ba, hidimarsu kuma ta shahara a duniya.

Mu ma abin ya shafe mu. A al'adarmu, in an aiko yaro da kwanon abinci ko kayan sallah, ana ba shi tukwici don a faranta masa, amma ba wanda ya taɓa tunanin da wannan za a ciyar da shi. Cinsa da suturarsa na wuyan wanda ya aiko shi. Yau a manyan otal-otal na Abuja da Kano da Legas ana ƙara wa baƙo kashi 10 cikin ɗari a takardar biya da sunan kuɗin hidima, kuma ba a nuna masa yadda ake raba shi. Mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ƙananan masaukai da yawa kuma a nan suke. In mai gadi ya biyo ka har mota yana cewa "Alhaji, a sauka lafiya, Allah Ya ƙara buɗi," sau da yawa ba roƙo ne halinsa ba, albashinsa ne ya ƙare tun tsakiyar wata. Alhazanmu ma sun san masu share-share 'yan Bangaladash da sauran ƙasashe a masaukan Makka da Madina, waɗanda ake damƙa wa riyal biyar a matsayin sadaka.

Wanda ya sauka a otal a Amurka, ina ganin ya bayar. Ƙungiyar masu otal ta ƙasar ta ba da shawarar dala 1 zuwa 5 a kowane dare ga mai gyaran ɗaki. A bar shi kullum, ba ranar tafiya kaɗai ba, domin wadda ta gyara yau ba lallai ita ce ta gobe ba, a kuma haɗa da 'yar takarda don ta san nata ne, kada ta ji tsoron a ce ta ɗauki kuɗin baƙo. Hana tukwici don nuna fushi da tsarin ba ya isa kunnen mai kamfani, a kan ma'aikaciya yake tsayawa. In an ga kuɗin hidima a takardar biya, a can ko a gida, a tambayi manaja wa ke samunsa, domin a dokar tarayyar Amurka wannan kuɗi na kamfani ne sai in ya ga dama ya raba.

Yarjejeniyoyin da ƙungiyar Culinary ta ƙulla a 2023 za su ƙare a 2028, shekarar da sassaucin harajin ma zai ƙare, shekarar kuma da za a sake zaɓen shugaban ƙasa. 'Yan takara za su koma Las Vegas su yi alkawarin tsawaita sassaucin, domin alkawari ne mai arha. Abin da ya kamata ma'aikatan su tambaye su a bainar jama'a shi ne ko za su sa hannu a soke dala 2.13 ga 'yan'uwansu na Mississippi da Louisiana, waɗanda ba su da dokar Nevada, ba su kuma da ƙungiya mai mutum 60,000 da za ta tsaya musu a bakin ƙofa.